Farfesa Ishaya Audu: Likitan Yara da Ya Riƙe Jami'ar Arewa

An haifi Ishaya Shu'aibu Audu ranar 1 ga Maris 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Bahaushe ne gaba da baya, kuma mai bin Almasihu tun daga gida. Masu bi Hausawa na wannan yanki da dama zuriyar Isawa ne, almajiran nan da suka girmama Annabi Isa har aka tsananta musu a Kano a ƙarni na 19, waɗansunsu suka nemi mafaka a duwatsun Ningi da ke jihar Bauci a yau. Daga baya jikokinsu suka sadu da Likita Miller na mishan ɗin CMS, suka karɓi bishara.

Ya yi karatun farko a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, ya wuce Yaba da Ibadan, sa'an nan ya ƙare karatun likita a Ingila, ya ƙware a kan ciwon yara. Ya zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Wannan ba ƙaramar amana ba ce, a ce Firimiyan Arewa ya danƙa lafiyar jikinsa a hannun ɗan Wusasa. Ya kuma koyar da ɗaliban likita a Jami'ar Legas.

Gwajinsa mafi girma ya zo a 1966. A watan Janairu aka kashe Sardauna, daga watan Mayu kuma jini ya kwarara a garuruwan Arewa, ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas suka bar Zariya domin tsira da rai. A cikin wannan shekara ce aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ya gaji Bature Norman Alexander. Shi ne ɗan ƙasa na farko a kujerar, shekarunsa 39 kacal, jami'ar kuwa shekararta huɗu da kafuwa. Da ta durƙushe a lokacin, da Arewa ta daɗe ba ta da inda za ta horar da 'ya'yanta.

Ba ta durƙushe ba. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, aka buɗe tsangayar koyon aikin likita. A 1970 aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a, domin makarantun sakandare na Arewa ba su fitar da isassun ɗaliban da suka cancanta ba. Ta wannan ƙofa ce 'ya'yan manoma daga Bauci, Filato, Adamawa da Borno suka shiga jami'a. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, inda ake koyar da Larabci da ilimin addinin Musulunci, ita ma tana ƙarƙashinsa. Shekara tara ya yi yana shugabancin Musulmi da Kirista, bai ɓoye bangaskiyarsa ba, bai kuma mai da ita sandar dukan kowa ba.

Ya sauka a 1975, ya koma duba marasa lafiya a Samaru. A 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci zaɓe ba, amma Shugaba Shehu Shagari ya ba shi ministan harkokin waje har 1983. Siyasar ba ta yi masa daɗin ƙarshe ba, gama da soja suka karɓi mulki aka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa.

A gida kuwa, tun 1958 ya auri 'yar Kudu, a zamanin da irin wannan aure bai yawaita ba, suka yi zaman shekara 47 tare, Allah ya albarkace su da 'ya'ya.  Bayan fitowarsa daga tsare ya koma asibitinsa na Samaru, ya ba da sauran kwanakinsa ga jinya da wa'azin bishara, har aka riƙa kiransa Rabaran Farfesa. Ya huta cikin Ubangiji ranar 29 ga Agusta 2005, yana da shekara 78.