Bill Wilson: Mashayin da Ya Nemi Ɗan'uwansa Mashayi

Da yammacin wata Asabar cikin watan Mayu na 1935, wani baƙo yana kai da kawowa a zauren otal ɗin Mayflower da ke garin Akron a Amurka. Cinikin da ya kawo shi ya watse, gida kuma da nisa. A gefe guda na zauren akwai mashaya, ana ta raha. A ɗaya gefen kuwa akwai allo mai ɗauke da sunayen majami'un garin da fastocinsu. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, ya kuma san cewa in ya taka ƙofar mashayar, ƙafarsa ta sake zamewa. Sunansa Bill Wilson.

An haife shi ranar 26 ga Nuwamba, 1895, a East Dorset cikin jihar Vermont. Iyayensa sun rabu yana yaro, kakanninsa na wajen uwa suka rene shi. Ya fara kurɓar giya yana soja a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma auri Lois Burnham a 1918. Bayan yaƙi ya sami arziki a kasuwar hannun jari ta New York, amma faɗuwar kasuwar a 1929 da kwalba suka haɗu suka tsiyata shi, har Lois ta kama aikin kanti domin su ci abinci. Tsakanin 1933 da 1934 an yi ta kwantar da shi a asibitin Towns, inda Dakta William Silkworth ya fahimtar da shi cewa shaye-shayensa ciwo ne da ya kama jiki da tunani.

A Nuwamba 1934 wani tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya ziyarce shi garau, ba warin giya. Ebby ya sami taimako a wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, mai koyar da furta zunubi, da gyara ɓarnar da mutum ya yi, da miƙa rai ga Allah. Ranar 11 ga Disamba Bill ya yi shansa na ƙarshe, ya koma asibiti, inda ya yi kuka ga Allah, ya kuma tashi da tabbacin an kwance shi. Ya fita yana yi wa mashaya wa'azi, amma ko ɗaya bai shiryu ba. Lois ce ta lura cewa shi kansa bai sake sha ba muddin yana wannan aiki.

Wannan ne ya tuna a zauren otal. Ya juya wa mashayar baya, ya buga waya ga Rabaran Walter Tunks, yana neman mashayin da zai yi magana da shi. Ta wannan hanya aka kai ga wata mata, Henrietta Seiberling, wadda ta haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan tiyata da giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya yarda da minti 15 kawai, amma suka shafe sa'o'i suna hira, gama Bill bai yi masa faɗa ba, labarin faɗuwarsa ya ba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana ƙirga 10 ga Yuni, 1935, a matsayin ranar da likitan ya daina sha, kuma ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous. A taronsu na farko-farko sukan karanta Wasiƙar Yakubu, da Wa'azi Bisa Dutse, da 1 Korintiyawa 13.

A 1939 suka buga littafinsu mai ɗauke da matakai 12 na farfaɗowa. A 1951 Lois ta taimaka aka kafa Al-Anon domin matan mashaya da iyalansu. Bill bai zama marar aibi ba: baƙin ciki mai tsanani ya dame shi shekaru da dama, taba kuma ta lalata masa huhu. Ya rasu a Miami ranar 24 ga Janairu, 1971, bayan shekara 36 bai sha ba.

Tsarin da ya bari mai sauƙi ne. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman cikakken suna, abin da aka faɗa a taro ba ya fita waje, sharaɗi ɗaya shi ne niyyar dainawa. Ƙungiyar ba ta wata ɗarika ba ce, amma a ƙasashe da yawa ikkilisiyoyi ne ke ba ta aron ɗaki.

A Jos, inda burkutu da ogogoro da goskolo suka sa iyaye da yawa kuka, iyalai sukan rufe ciwon saboda kunya. Wanda ya daɗe yana sha da yawa ya fara ganin likita, domin yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai hatsari. Bayan haka ya tambayi fastonsa ko ma'aikatan asibiti inda masu irin gwagwarmayarsa suke haɗuwa. In ba a samu ba, taron Akron da mutum biyu ya fara, fasto guda kuma ya amsa waya bai kori baƙo ba.