Ibrahim Dasuki: Daga shugabancin hukumar jiragen ƙasa zuwa gadon Sarkin Musulmi

Akasarin jama'a sun fi sanin marigayi Alhaji Ibrahim Dasuki ne a matsayin Sarkin Musulmi na 18, wanda ya hau gadon sarauta cikin taƙaddama a 1988, aka kuma tuɓe shi a 1996.

Sai dai tun kafin sarautar, ya shafe shekaru takwas, daga 1969 zuwa 1977, a kwamitin gudanarwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, inda ya fara a matsayin darakta, daga bisani kuma ya zama shugaba.

A cikin waɗannan shekaru ne harkar sufuri a Nijeriya ta juya baya ga layin dogo ta koma kan hanyoyin mota, lamarin da ya sauya rayuwar garuruwa da dama a Arewa, ciki har da Ƙaura Namoda da ke jihar Zamfara ta yanzu.

Tasowarsa

An haifi Ibrahim Dasuki ne a ranar 31 ga watan Disamba na 1923 a garin Dogon Daji da ke ƙasar Sakkwato. Mahaifinsa, Haliru ɗan Barau, shi ne Sarkin Yamma, hakimin Dogon Daji, kuma gidansu na daga zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Ya fara da karatun allo, sannan aka sa shi makarantar elamantare ta Dogon Daji a 1931. Daga nan ya wuce makarantar Midil ta Sakkwato a 1935, ya kuma kammala Kwalejin Kaduna, wadda a yanzu ake kira Kwalejin Barewa, a 1943.

Aikinsa na farko shi ne akawu a baitulmalin En'e ta Sakkwato. A 1945 ya koma Kamfanin Gaskiya da ke Zariya, wanda ke buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A 1953 ne ya shiga aikin gwamnatin Jihar Arewa, a lokacin da ake fafutikar ganin 'yan Arewa sun cike guraben da Turawa da 'yan Kudu ke riƙe da su. Bayan shekara guda ya zama sakataren musamman na Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello.

An tura shi Jidda a 1958 a matsayin jami'in kula da alhazai, ya kuma yi aiki a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Khartum. Bayan dawowarsa gida ya kai muƙamin babban sakatare a ma'aikatar ƙananan hukumomi, sannan a ma'aikatar ciniki ta Jihar Arewa.

Gyaɗa da layin dogo

A 1966 aka ba shi shugabancin hukumar cinikin amfanin gona ta Arewa, wadda ita kaɗai doka ta bai wa ikon sayen gyaɗa da auduga domin fitarwa zuwa ƙasashen waje.

Wannan muƙami ya sanya shi cikin manyan abokan cinikin jirgin ƙasa, domin kuwa a wancan zamani Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma a taragun jirgi ake kai mafi yawanta tashoshin ruwa na Legas da Fatakwal.

Saboda wannan ciniki ne ma Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa layukan dogo a Arewa. Jirgi ya isa Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, wanda ya isa Ƙaura Namoda a 1929.

A nan layin ya tsaya. Bai ƙarasa birnin Sakkwato ba, don haka Ƙaura Namoda ta zama ƙarshen dogo a arewa maso yammacin ƙasar, ta kuma zama matattarar fatake.

Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga daga ƙasashen Shinkafi da Zurmi, da ƙauyuka irin su Banga, a tashar Ƙaura ake tara su, a kan jakai da raƙuma da manyan motoci, kafin a loda su zuwa Kudu. Jirgin kuma ya dawo da gishiri da kananzir da goro da atamfa.

Hukumar da ya gada

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne bisa dokar 1955, a zamanin da Abubakar Tafawa Ɓalewa yake ministan sufuri. Kafin nan, wani sashe ne kawai na gwamnati.

Manufar dokar ita ce a raba harkar jirgi da aikin ofis na yau da kullum, a miƙa ta ga kwamitin gudanarwa da zai tafiyar da ita tamkar kamfani, ko da yake mallakar gwamnati ce baki ɗaya. Hedkwatarta tana Ebute Metta a Legas.

A ƙarƙashin wannan tsari, gwamnatin tarayya ce ke naɗa shugaba da daraktoci. Aikinsu shi ne tsara manufofi, da duba kasafin kuɗi da manyan kwangiloli, da sa ido a kan babban manaja, wanda shi ke tafiyar da jirage da ma'aikata.

To amma ikon kwamitin na da iyaka. Ministan sufuri na iya ba shi umarni, kuma kuɗin sayen sababbin kawunan jirgi ko gyaran layi daga baitulmalin tarayya suke fitowa. Haka nan ba ya iya ƙara kuɗin dakon kaya ko na fasinja yadda ya ga dama.

Ke nan ana son hukumar ta ci da kanta kamar ɗan kasuwa, ana kuma son ta yi wa talaka hidima cikin rahusa, har a layukan da ba su kawo riba.

Lokacin da Dasuki ya shiga kwamitin a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ya yanke, an lalata gadoji da tashoshi, kuma ɗimbin ƙwararrun ma'aikata 'yan asalin Gabas sun bar bakin aiki tun rikicin 1966.

Tsawon layukan hukumar a lokacin ya kai kimanin kilomita 3,500, bayan kammala reshen Maiduguri a 1964. Kusan dukkansu layi ɗaya ne siriri, mai yawan kwana da hawa da gangara, abin da ke hana jirgi gudu.

Zamanin kwalta

Ƙarshen yaƙin a 1970 ya zo daidai da bunƙasar arzikin man fetur, kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karkata akalar kuɗinta ga gina hanyoyin mota.

A 1974 gwamnatin tarayya ta karɓi dubban kilomitoci na hanyoyi daga hannun jihohi, kuma shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ware wa hanyoyi kaso mafi tsoka na kuɗin sufuri.

Ga ɗan kasuwa, lissafin a fili yake. Babbar mota tana ɗaukar kaya daga ƙofar shago ta sauke a ƙofar shago cikin 'yan kwanaki, alhali kayan jirgi kan daɗe a tasha suna jiran tarago.

Ana cikin haka sai gyaɗar ita ma ta gaza. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gonakin gyaɗa a 1975, sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano, suka kuma raba jirgin ƙasa da babban abin da yake dako daga Arewa.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya ƙara wa hukumar nauyi, kasancewarta ɗaya daga cikin ma'aikatun da suka fi yawan ma'aikata a ƙasar.

Alƙaluma sun nuna girman koma-bayan. A 1964 jiragen ƙasa sun ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan uku. Zuwa 1974, fasinjojin sun ragu zuwa kimanin miliyan huɗu da dubu ɗari uku, kayan kuma sun koma tan miliyan ɗaya da 'yan kai.

A tsawon zamansa a kwamitin, ma'aikatar sufuri ta ratsa hannun mutane da dama, daga Joseph Tarka a zamanin Gowon zuwa Shehu Musa 'Yar'aduwa a zamanin Janar Murtala Muhammad, amma babu gwamnatin da ta sake shimfiɗa layukan.

Ya bar hukumar a 1977 tana ci gaba da tafka asara. Bayan shekaru biyu, gwamnati ta ɗauko wani kamfanin ƙasar Indiya mai suna RITES ta ba shi riƙon hukumar, daga 1979 zuwa 1982. An samu ɗan farfaɗowa, amma da suka tafi sai al'amura suka sake komawa gidan jiya.

Addini da sarauta

Shugabancin hukumar jiragen ƙasa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan da Dasuki ya haɗa a wancan lokaci. Ya riƙe muƙamin babban sakataren Jama'atu Nasril Islam, da kuma na Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, yana kuma riƙe da sarautar Baraden Sakkwato.

Ya zauna a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977, ya shugabanci reshen Nijeriya na bankin BCCI daga 1979, sannan a 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ba shi jagorancin kwamitin sake duba tsarin ƙananan hukumomi.

Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a farkon watan Nuwamba na 1988, an fara bayyana sunan ɗansa Muhammadu Maccido a matsayin magaji, amma cikin 'yan kwanaki gwamnatin soja ta ce Dasuki ne sabon sarki.

Wannan ya haddasa tarzoma ta kwanaki a Sakkwato, inda aka yi asarar rayuka. Jama'a da dama sun danganta naɗin da kusancinsa da shugaban ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Babangida. Shi ne na farko daga gidan Buhari da ya hau wannan gado.

A ranar 20 ga watan Afrilu na 1996, a zamanin Janar Sani Abacha, gwamnan soja na jihar Sakkwato, Kanar Yakubu Mu'azu, ya tuɓe shi bisa zarge-zargen da suka haɗa da ƙin bin umarnin gwamnati. Aka kai shi garin Zing a jihar Taraba, aka kuma naɗa Maccido a madadinsa.

Bayan rasuwar Abacha a 1998 ya samu 'yancinsa, ya koma da zama Kaduna. Allah ya yi masa rasuwa a wani asibiti a Abuja ranar 14 ga watan Nuwamba na 2016, yana da shekaru 92, aka kuma binne shi a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato.

Abin da ya biyo baya

Hanyoyin motar da suka ƙwace wa jirgi kasuwa su ma ba su tsira ba. Nauyin tankokin mai da tirelolin siminti da na hatsi, kayan da a da jirgi ke ɗauka, ya riƙa farfasa kwalta, har ta kai ga gwamnatin tarayya ta kafa hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA a 2002, ita ma da nata kwamitin gudanarwa, wanda ke dogaro da kasafin gwamnati.

Watanni huɗu kafin rasuwar Dasuki, a watan Yulin 2016, aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, sannan a 2023 aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya bai wa jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa.

Shi kuwa tsohon reshen da ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, har Dasuki ya bar duniya bai isa Sakkwato ba.