Feliks Derel, Mai Binciken Abin da Ido Ba Ya Gani

Manomi a Kiru ko Bebeji, in ya tuge gyaɗa, yakan ga 'yan ƙullutai a jikin saiwa. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ake kira bakteriya, su ne ke jawo abincin shuka daga iska su ba gona ƙarfi. Amma su ma suna da abokin gāba da ya fi su ƙanƙanta. Ga labarin mutumin da ya raɗa masa suna.

An haifi Feliks Derel a shekarar 1873. Bafaranshe ne, ya kuwa zauna a Kanada. Bai sami digirin likita a jami'a ba, shi ya koya wa kansa aikin daga littattafai. Yawo kam ya sha shi: Gwatemala a 1901, daga nan Meksiko, inda fara ta sauka a gonaki a 1910. Ya lura waɗansu farin suna mutuwa da gudawa, sai ya ɗebi ƙwayar cutar ya yi ta yaƙin fara da ita, har Ajantina da Tunisiya. Nasarar ba ta kai yadda ya so ba.

A 1915, lokacin yaƙin duniya na fari, atuni ya faɗa wa sojojin doki kusa da Paris. Derel yana aiki a Cibiyar Pasteur, ba a ma biyansa albashi. Ya tace bayan gidan wani mai samun sauƙi da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, ya ɗiga ruwan cikin kwalba mai gurɓace da ƙwayar atuni. Da gari ya waye, kwalbar ta yi garau. Ya gane akwai wani abu mai shiga cikin bakteriya, ya hayayyafa, ya fasa ta. A 1917 ya sanar, ya kira shi bakteriyofaj, wato mai cin bakteriya. Wani Baturen Ingila, Firedarik Twort, ya riga shi ganin alamar a 1915, gardamar wa ya fara kuwa ta daɗe.

A 1919, kafin ya ba yaro mai atuni wannan ruwa, sai da shi kansa ya sha tukuna. Ni a ganina wannan ya fi dukan sauran aikinsa nuna halinsa. Ya kai maganin Indiya a 1927 domin kwalara, har a rijiyoyi aka zuba. Daga baya ya tafi Tibilisi ya taimaki abokinsa Eliyaba, wanda gwamnatin Stalin ta kashe a 1937. Derel mutum ne mai kaifin baki, ya tara abokan gāba da yawa. Da penisilin ya fito, sai likitocin Turai suka juya masa baya. Ya rasu a Paris a 1949, ba a ba shi kyautar Nobel ba.

Yanzu an sani abin nan nasa ya cika ƙasar gona. Kowane iri yana da irin bakteriyar da yake kamawa. In wata ta yi yawa har ta danne sauran, sai ya auka mata, marasa rinjaye su sami wuri. Gawar waɗanda ya fasa kuma ta zama abinci ga sauran da ga saiwa. Wani lokaci kuwa masu amfanin yake kashewa, har da na ƙullutan gyaɗa da wake.