Dokta Nash, Baturen Ƙudan Tsando

Yaran da ke tasowa a Birnin Zariya yau ba su san ciwon barci ba sai a bakin kakanni. Amma a shekarun 1930 cutar ta tayar wa Gwamnati da En'e ta Zazzau hankali ƙwarai. Malaman asibiti suna bi ƙauye ƙauye suna latsa wuyan mutane suna neman kaluluwa, wanda aka tabbatar yana da cutar a yi masa allura. To, allura tana warkarwa, amma da mutum ya koma rafi sai ƙudan tsando ya sake cizonsa. Mutumin da ya nemi toshe wannan kafa, shi za mu ba da tarihinsa.

An haifi T. A. M. Nash cikin 1905. Shi ba likitan asibiti ba ne, masanin ƙwari ne. Ya fara aiki a Tanganyika cikin 1927, sa'an nan ya zo Nijeriya cikin 1933, aka ajiye shi a Gadau ta ƙasar Katagum. Can ya yi shekaru yana ƙidayar ƙudajen da yaransa suka kamo, yana auna zafin rana da laimar iska, yana rubutawa. Malaman ofis da ke ganin cika littafi wahala ce, su dubi abin da wannan lissafi ya haifar.

Lissafin ya nuna da rani ya tsananta sai yawan ƙudan ya yi ta raguwa, 'yan kaɗan da suka saura su gudu cikin duhuwar bakin rafi, gama in ba inuwa mutuwa suke yi. Abin mamaki kuwa, raguwar nan ba ta kawo sauƙin cuta ba. Dalili, ruwa ya janye, mutane da ƙuda duk sun taru a tafki ɗaya, ƙuda guda mai ɗauke da cuta ya iya cizon mutane da dama. Ashe ba yawan ƙudan ne abin dubawa kaɗai ba, har da yawan haɗuwarsa da ɗan Adam. Watau ba sai an share daji duka ba, a sare duhuwar bakin rafi ya isa.

Cikin 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya hau gadon sarautar Zazzau, aka ba Nash aikin Anchau, gabas da Zariya. Aka share bakin rafuka a wani yanki mai tsawon kamar mil 70, aka tayar da mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka tara su a sababbi, don su yi yawan da za su iya hana duhuwar sake tsirowa. Aka haƙa rijiyoyin siminti, aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau, aka sa masa suna Takalafiya. Ba za mu ce kowa ya tashi da son ransa ba, barin kufan iyaye ba wasa ba ne. Amma ƙudan ya bar yankin, cutar kuma ta ja baya.

Daga 1954 zuwa 1959 shi ne shugaban Cibiyar Binciken Ciwon Barci ta Afirka ta Yamma a Kaduna. Da ya koma Ingila sai ya shiga kiwon ƙudan tsando a ɗakin bincike kusa da Bristol, don masana su sami na gwaji. Ya rasu cikin 1993.