John Charnley: Likitan da ya amsa kuskurensa, ya gyara tiyatar kwatangwalo

Duk wanda aka yi wa dashen kwatangwalo a yau, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko a Indiya, yana cin gajiyar aikin John Charnley, likitan ƙashi da aka haifa a garin Bury na Ingila a 1911.

A asibitin Wrightington ya kafa cibiyarsa. Burinsa shi ne maye gaɓar da ta lalace da ta ƙira: ƙwallon ƙarfe a kan ƙashin cinya, da ƙoƙon roba a gurbin ƙashin ƙugu, a liƙe su da siminti na musamman.

Yunƙurin farko ya ci tura. Robar Teflon da ya sa wa mutane kusan 300 ta cinye cikin 'yan shekaru, burbushinta ya ɓata nama da ƙashi. Charnley bai rufe maganar ba. Ya gargaɗi likitoci a rubuce, ya sake yi wa marasa lafiyar aiki, har ya cusa robar a cinyarsa don ya ga illarta. A Nuwamban 1962 ya koma ga wata roba mai ƙarko, dashen kuma ya ɗore.

Sai dai akwai waɗanda aka haifa da gurbi marar zurfi. Kan ƙashinsu yakan zame sama, ƙafa ta gajarta, ɗingishi da ciwo su kama su tun suna matasa. A nan wurin ajiye ƙoƙon ne matsala: a gurbin asali ƙashi ba ya isa ya rufe shi, idan kuma aka sa shi sama yakan yi saurin kwancewa. A 1973, shi da John Feagin suka ba da shawarar kada a yi wa wanda ƙashinsa ya goce gaba ɗaya wannan aiki. Likitocin baya ne suka samo mafita, ta hanyar ƙara ƙashi a rufin gurbin da rage tsawon ƙashin cinya don kada jijiya ta ɗame.

Da farko ya hana sayar da dashensa ga likitan da bai koyi aikin a Wrightington ba. Ya mutu a 1982.

Majinyacin da ke shirin sayar da filinsa a Rigachikun don wannan tiyata yana da haƙƙin tambayar likitansa sau nawa ya yi irin ta, da kuma yadda waɗanda aka yi wa suka ƙare.