Yosiya: Sarkin da ya kawar da gumaka daga ɗakin ibada na Ƙudus

Yosiya ya hau gadon sarautar Yahuza wajen shekarar 640 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ɗan shekara takwas, bayan da fadawa suka kashe mahaifinsa, Amon. Ya gaji ƙasar da kakansa Manassa ya mulka tsawon shekara 55, wadda shirka ta yi wa katutu.

Abin lura shi ne, Bani Isra'ila na wancan zamani ba su daina ambaton Allah ba, haɗa Shi suka yi da wasu. A cikin ɗakin ibadar da Annabi Sulaimanu (AS) ya gina, an kafa gunkin Ashera, an ajiye kayan bautar Ba'al, gunkin da Kan'aniyawa ke roƙo ruwan sama. An keɓe dawakai domin bautar rana, a kwarin Hinnom kuma ana ƙona 'ya'ya hadaya. Masu tonon kufai sun samo ɗaruruwan ƙananan mutum-mutumin mata na yumɓu a gidajen Yahuza, waɗanda masana da yawa ke dangantawa da wannan bauta.

Littafin Sarakuna na Biyu a cikin Baibul ya ruwaito cewa a shekara ta 18 ta mulkinsa, ana tsakiyar gyaran ɗakin ibadar, babban limami Hilkiya ya tsinci wani littafin shari'a. Da aka karanta wa sarki, sai ya kece tufafinsa saboda firgici, ya tara jama'a suka sabunta alkawari. Ya fitar da gunkin Ashera ya ƙone shi a kwarin Kidron, ya rushe wuraren yanka na kan tuddai har zuwa Betel, ya tsayar da hadaya a Ƙudus kaɗai.

A shekarar 609 ya tare Fir'auna Neko na Masar a Magiddo, inda ya gamu da ajalinsa bayan shekara 31 yana mulki.

Gyaran bai daɗe ba bayansa. Irmiya, wanda ya rayu a zamanin 'ya'yansa, ya ci gaba da kokawa kan yadda mutane suka koma ƙona turare ga gumaka. Umarnin sarki ya share ɗakin ibada, amma bai kai ga abin da jama'a suka saba da shi a gidajensu ba. Kimanin shekara 23 bayan rasuwarsa, Bukhtanasar na Babila ya rushe Ƙudus.