Chari Maigumeri, Sojan da Ya Yi wa Jamus da Ingila Yaƙi

A cikin mazajen da ƙasar nan ta haifa a aikin soja, da wuya a sami wanda tarihinsa ya kai na Samanja Chari Maigumeri ban mamaki. Mutumin Barno ne, ya kuwa shiga soja a 1913 yana ɗan shekara 16, a rundunar Jamusawa masu mulkin Kamaru a wancan zamani. Ko shekara biyu bai cika da sa kaki ba Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sai ga shi a Garwa, bakin kogin Binuwai, yana fuskantar sojojin Nijeriya, watau 'yan uwansa Hausawa da Barebari waɗanda Turawan Ingila ke jagoranta.

Ya kamata mai karatu ya san irin yaƙin da yaron nan ya buɗe ido a cikinsa. Kakanninmu na kudancin Katsina, irin su Ƙanƙara da Faskari, sun san ganuwa da gwalalo saboda harin Maraɗawa, amma a wurinsu jarumi shi ne wanda ya fito fili bisa doki da takobi. A Garwa kuwa wanda duk ya ɗaga kai ya mutu. Jamusawa sun haƙa ramukan fakewa a kan tuddai, sun kewaye su da waya mai ƙaya, sun girke bindiga mai ruwa, wadda ke aman harsashi ɗaruruwa a minti guda. A ƙarshen watan Agusta 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka far wa wurin da dare. Gari na wayewa bindigogin nan suka yi musu kaca-kaca, shugabansu Kanar Maclear ya faɗi, sauran suka koma Yola.

Da suka dawo a 1915 ƙarƙashin Kanar Cunliffe, tare da Faransawa, sun riga sun koyi hankali. Su ma rami suka shiga. Kowane dare sai su haƙa sabo gaba da na jiya, da rana su kwanta ciki, ga zafi, ga ƙishi, ga ruwan farkon damina. Abin da ya karya Garwa kuwa igwa ce. An ciro wata daga jirgin yaƙi na teku aka hauro da ita ta kogi, Faransawa kuma suka kawo tasu, aka yi ta luguden wuta daga nesa inda bindigar Jamus ba ta isa. Sojoji baƙar fata da yawa suka tsere, waɗansu suka halaka a kogi. Ran 10 ga Yuni 1915 Garwa ta sallama, Chari na cikin waɗanda aka kama. Kafin nan Jamusawa sun ba shi lambarsu ta jaruntaka, wadda ake kira Iron Cross.

A 1917 ya sa kakin Ingila a rundunar Nijeriya, aka tura shi Afirka ta Gabas ya yaƙi iyayen gidansa na dā, waɗanda Janar von Lettow-Vorbeck ke shugabanta. Can yunwa da zazzaɓi suka yi wa rundunar ɓarna ba kaɗan ba, ban da asarar da ta yi a gumurzun Mahiwa cikin Oktoba na shekarar. Wani zai ce ai wannan sauya ubangida ne. Amma a tuna, yaƙin nan na Turawa ne tun daga tushe, kuma iyakar da ta raba Barno gida biyu ba 'yan Barno suka shata ta ba.

Daga nan girma ya yi ta zuwa. Ya zama Saje a 1920, kafin ƙarshen shekarun nan kuma ya zama Babban Samanja na Bataliya ta 3, muƙamin da a lokacin kusan shi ne ƙololuwar abin da baƙin mutum ke iya kaiwa. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yaƙi Italiyawa a Habasha, inda ya sami lambar Military Medal, sa'an nan ya yaƙi Japanawa a dazuzzukan Bama.

Ya bar aiki a 1953, bayan shekara 36 a rundunar Nijeriya, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. A shekarar ce kuma ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth. Barikin soja na Lokoja sunansa aka sa masa.